An tallata mini harsasan igwa na yaƙin Yaa Asantewaa, in saya?

Wani matashi daga Aboabo, nan Kumasi, ya aiko da wannan tambaya. Yana sha'awar tara kayan yaƙe-yaƙen zamanin Turawa, sai wani mai sayen tsofaffin ƙarafa a wajen Suame ya nuna masa abu uku: dunƙulen ƙarfe biyu masu kama da ƙwallo, da wani dogo mai tsinin kai da 'yan ƙusoshi a jikinsa. Mai kayan ya rantse duka na yaƙin Yaa Asantewaa ne. Matashin yana son ya san ko na gaske ne, yaya zai cire tsatsar, kuma ko zai iya sayar wa masu tarawa a Turai.

Ɗana, da dogon nan zan fara, don shi ne maganarsa ba ta jiran gobe. Kada ka saya, kada ka ɗaga, kada kuma ka bar yaran shagon su ƙwanƙwasa shi da guduma wai su ji ko da tagulla a ciki. Siffar da ka bayar ta yi daidai da harsashin ƙaramar igwar nan ta Ingilishi mai laba 7, wato nauyin harsashinta ke nan, wadda faɗin bakinta inci 3 ne, wato santimita 7.6. Ta baki ake ɗura mata. A cikin bututunta akwai tsaga a murɗe, ƙusoshin da ka gani su ke shiga tsagar, su sa harsashin ya fita yana juyawa don ya tafi saiti. Cikinsa rami ne, an cika shi da albarushi baƙi, a tsinin kan kuma akwai makunni da ke tayar da shi. Idan ka gan shi cikakke bai fashe ba, to ko dai an harba shi ya ƙi tashi, ko kuma ya faɗi daga kayan 'yan dako ba a harba ba. Ko wanne ne daga ciki, albarushinsa na nan.

Mutane suna ɗauka shekara ɗari da ɗoriya ta isa ta kashe albarushi. Ba ta kashe shi. Muddin ƙarfe ya rufe shi, yana nan da ransa, wanda ya sha ruwa ma in ya bushe yana kamawa. A shekarar 2008, a jihar Bajiniya ta Amurka, wani gogaggen mai tara irin waɗannan kaya ya rasa ransa a ƙofar gidansa yana gyaran harsashin igwa na yaƙin basasarsu, yaƙin da ya ƙare tun 1865. Ɓarɓashin ƙarfen ya kai wani gida mai nisan kusan mita 400. Mutumin da ya san aikin ke nan, balle yaron da ke riƙe da injin yankan ƙarfe a Suame. Duk wanda ya ce maka a jiƙa shi a ruwa ko kananzir, ko a huda a zazzage, ka tashi ka bar masa wurin.

Abin yi ɗaya ne. A bar shi inda yake, a nisantar da wuta da walda da yara, a kira 112 ko a je caji ofis mafi kusa, su ne za su kira injiniyoyin soja masu kwance bam. Na san mai shagon zai yi nauyin ƙafa, don babu ɗan kasuwar da ke son ganin motar 'yan sanda a ƙofarsa. Ka gaya masa abin da ya fi wannan muni shi ne ranar da harsashin zai shiga lodin ƙarfen da za a kai narkawa, ko wani yaro ya ɗora masa wutar gas. Ka raka shi in ya fi masa sauƙi, ku tafi da wani dattijon unguwa.

Abin da zai ba ka mamaki, cikin kaya ukun nan, wannan mai haɗarin shi ne kaɗai zai iya zama na 1900 da gaske. Kuma akwai yiwuwar hannun da ya ɗura shi na mai jin Hausa ne. Tun 1863 Kyaftin Gulba, wato John Glover, ya kafa rundunar da ake kira Hausawan Gulba a Ikko. Da aka tashi yaƙin Sagrenti na 1873 zuwa 1874 ƙarƙashin Janar Garnet Wolseley, sojojin Hausa ne suka riƙe igwogi masu laba 7 da rokoki a ƙarƙashin wani Kyaftin Rait. Su suka yi ɓarin wuta a Amoafo, kusa da Bekwai, ranar 31 ga Janairu 1874, kafin a shiga Kumasi ranar 4 ga Fabrairu a kuma ƙone ta. Dalilin da ya sa aka zaɓi ƙananan igwogi shi ne kurmi. Ƙudan tsando ba ya barin doki ko alfadari, hanya kuma ta mutum ɗaya ce, don haka sai abin da za a kwance a ɗora wa 'yan dako a ka. A 1879 aka kafa rundunar kwastabulari ta Gwalkwas, wato Gana ta zamanin Turawa, daga cikin waɗannan sojoji, ita ce ta zama rejimenti a 1901, ita ce kuma tushen sojan Gana na yau.

Sai dai a faɗi gaskiya, ba duk wanda Bature ya rubuta "Hausa" a takardarsa ne Bahaushe ba. Akwai Gurunsawa, Mosawa, Dagombawa, Yarabawa, da yawa kuma bayi ne da suka gudo suka sami mafaka a kaki. Hausa ce harshen bariki, shi ya sa sunan ya rufe kowa. A ɗaya ɓangaren ma akwai namu, don malaman Musulmi da ke zaune Kumasi tun kafin Bature su ke rubuta layun da ake ɗinkawa a rigunan yaƙin Tonawa, wato mutanen Asante. Wanda zai tara kayan yaƙin nan a Zango, ya san yana tara kayan kakanni ne ta fuska biyu.

A 1896 ba a yi wani faɗa ba, aka shigo aka kama Asantehene Prempeh na ɗaya, aka gina Fot ɗin Kumasi, wato ganuwar sojan da kake gani a Adum. Ranar 28 ga Maris 1900 Gwamna Frederick Hodgson ya tsaya gaban sarakuna ya nemi a kawo masa Kujerar Zinariya ya zauna a kai. Daga nan wuta ta kama, Yaa Asantewaa ta Edweso ta ja gaba. Aka tsare Fot ɗin, mutanen Zango da sauran baƙi suka taru a gindin bangonsa, yunwa da cuta suka ci da yawa daga cikinsu. Hodgson ya fasa ya fice ranar 23 ga Yuni, ya bar Turawa uku da sojojin Hausa ɗari da ɗoriya, sai ranar 15 ga Yuli Kanar James Willcocks ya iso da ɗauki.

A wannan yaƙin ne igwa mai laba 7 ta ji kunya. Tonawa sun tare hanyoyi da shingen manyan gungume, jeri biyu, an cika tsakaninsu da ƙasa da duwatsu, tsayinsa ya kai na mutum. Harsashinta sai ya bugi shingen ya kasa ratsawa. Sai da Willcocks ya zo da sabbin igwogin Vickers-Maxim masu milimita 75, waɗanda ake ɗura wa ta gindi, sannan aka fara cin shingen, duk da haka sau da yawa sai an zaga ta cikin kurmi an faɗa musu ta gefe. Riƙe wannan bambanci, zai yi maka amfani a kasuwa. Mai laba 7 ba ta da kwanson tagulla, albarushinta a jakar ƙyalle yake. Mai milimita 75 ce ke da kwanso. Saboda haka duk wanda ya miƙo maka kwanson igwa na tagulla ya ce na yaƙin Sagrenti ne, ya yi ƙarya ko an yi masa.

Yanzu ƙwallayen nan biyu. A 1900 igwogin Ingilishi da ke Kumasi ba sa harba dunƙulen ƙarfe zagayayye, zamaninsa ya wuce. Tonawa kuwa da bindigar toka suka yi yaƙi, suna ɗura mata gutsattsarin dalma da ƙarfe. To ta ina ƙwallo zai shigo? Labarin mai shagon ya faɗi tun a nan. A ƙasar da ake haƙar zinariya a Obuasi tun 1897, amsar da ta fi kusa ita ce ƙwallayen injin niƙan dutse. Babban gangan ƙarfe ne ke juyawa cike da su, suna farfasa dutsen zinariya har ya zama gari, in sun cinye a zubar da su a sa sabbi. Masana'antun siminti ma da su suke niƙa. Mafi yawan abin da ake kawo mini da sunan ƙwallon igwa a yankin nan, wannan ne. Wani lokaci ma ƙwallon jifa ne na wasannin makaranta.

Ga yadda za ka gwada, amma sai ka fara dubawa da ido ba tare da gogewa ba. In ka ga rami, ko toshiyar katako, ko zagayen tagulla ko dalma, ko ma wani da'irar da tsatsa ta yi dabam da sauran jikin, to hukuncinsa hukuncin dogon nan ne, ka bar shi. In sumul yake, ari tef ɗin tela ka zagaya cikinsa, ka raba abin da ka samu da 3.14, shi ne faɗinsa. Sannan a ɗora a sikeli. Ƙwallayen igwar Ingilishi suna da awo sananne: mai laba 6 faɗinsa wajen santimita 8.9 ne, nauyinsa kilo 2.7, mai laba 12 santimita 11.2, kilo 5.4, mai laba 24 santimita 14.1, kilo 10.9, mai laba 32 santimita 15.5, kilo 14.5. Na Holan da na Danmak sun ɗan bambanta don labarsu ba ɗaya ba ce da ta Ingila, amma ƙa'idar ba ta canzawa: ƙarfen zubi ne, kuma zagayensa daidai yake ta kowace fuska, don in ba haka ba zai maƙale a bututu. Na injin niƙa ƙarfe ne mai tauri da ya fi na zubi nauyi. Mai faɗin santimita 10, in na zubi ne zai yi kilo 3.8, in na niƙa ne zai kai 4.1. Kuma in ka auna shi ta fuska uku za ka ga awon ya saɓa, wani gefen ya lotse, saboda ya sha gugar dutse. In kuwa nauyin ya gaza abin da girmansa ya kamata ya ba da nesa ba kusa ba, kamar kashi biyu cikin uku, cikinsa rami ne ko da ba ka ga toshiya ba. Ajiye shi a hankali, ka koma kan maganar 112.

Mu ƙaddara awon ya yi daidai, ƙwallon igwa ne na gaske. To daga bakin teku ya fito, ba daga Kumasi ba. Can ne igwogin ɗura ta baki suke jibge: Elmina da Fotugis suka gina a 1482, Kefkos, da na Akra uku, wato Fot ɗin James na Ingilishi, Fot ɗin Ussher da Holan suka gina, da Kiristiyansbog na Osu da Danmak ta sayar wa Ingila a 1850. A 1854 jirgin yaƙin Ingila ya yi wa Osu da La da Teshi ruwan wuta kan rigimar harajin kai, don haka mai tonon tushen gini a can zai iya cin karo da ƙarfen wancan lokaci. Tsohuwar igwar kanta tana faɗin asalinta ga wanda ya iya karatu. Kibiya mai kai uku alamar gwamnatin Ingila ce, harufan GR da kambi na ɗaya daga sarakunansu masu suna Joji ne, GWC kuma na kamfanin Holan na Yammacin Indiya. Lambobi uku da ke jere kusa da gindi nauyinta ne: ta farko ka ninka da laba 112, ta biyu da 28, ta uku labobi ne tsura.

A nan ne maganar doka ta shigo, kuma ita ce ta rushe shirinka na Turai. Waɗannan gine-gine na bakin teku suna cikin jerin kayan tarihin duniya na UNESCO tun 1979, suna hannun Hukumar Gidajen Tarihi ta Gana, GMMB. Ƙwallon da aka ɗauke daga harabarsu kayan sata ne, ko hannu nawa ya bi kafin ya iso gare ka. Dokar Gidan Tarihi ta 1969, NLCD 387, ta hana tonon neman kayan tarihi, da cinikinsu, da fitar da su daga ƙasa sai da izinin hukumar. Akwai kuma dokar makamai da harsasai ta 1972, wadda ba ta san wani abu wai shi sha'awa ba. Ko kwanson da babu komai a ciki ka sa a jaka, na'urar filin jirgin Akra za ta nuna shi, ranar kuma ba za ka yi tafiya ba. Tono kuwa ban ba ka shawara ba ko kaɗan. Ƙasar Amoafo da Kokofu da Dompoase ta kujerun sarauta ce, akwai kaburburan mutane a filayen, kuma baƙon da aka gani a gonar koko da na'urar neman ƙarfe, ɗan galamse, wato mai haƙar zinariya ba izini, za a kira shi kafin ya buɗe baki.

Ni a ganina, duk wanda ya ga yadda aka yi a 2024 ya kamata ya sake tunani kan sayar wa waje. Shekara 150 bayan Wolseley ya kwashe kayan fada, gidan tarihin Fowler na Amurka ya dawo da guda 7, gidajen tarihi biyu na Landan suka kawo 32, su kuwa aro ne, aka baje su a gidan tarihin fadar Manhyia. Aro fa, na kayan da aka ɗauka da bakin bindiga. Ba na son a ce ɗan Zango ne ya bi sauran da hannunsa ya kai musu.

Ba ina kashe maka sha'awa ba ne. Akwai abin tarawa mai yawa, kuma mafi kyawunsa yana cikin akwatunan tsofaffi a Aboabo da Asawase da Sabon Zango. Sojojin Gwalkwas sun yi yaƙin Togo a Agustan 1914, inda ake ce Alhaji Grunshi ne sojan Ingila na farko da ya yi harbi a yaƙin duniya na ɗaya, suka yi Kamaru da Gabashin Afirka. A na biyu suka yi Habasha, barikin Uaddara na nan Kumasi ma sunan wani fagen daga ne na can a 1941, sannan suka yi ƙasar Bama da ke Asiya. Sun dawo da kwansayen tagulla da aka mai da su mazubin fure ko na toka, da lambobin yabo, da littafin sallama daga soja, da hotuna. Lambar yabon 1900 mai ɗan ƙarfe a sama an rubuta Kumassi, in ka juya gefenta za ka ga lambar sojan da sunansa an buga. Wannan abu ne da za ka iya bin sawunsa har ka gano jikokin mai ita.

In ka sami kwanso, kifa shi ka karanta gindin. Za ka ga girman igwar, shekarar da aka ƙera shi, harufan masana'anta, da kibiyar nan in na Ingila ne. A tsakiya akwai ɗan maɓalli. In yana da lotsawa a cibiyarsa, allurar igwa ta buge shi, an harba. In sumul yake, mai yiwuwa da sauran wuta a ciki, kada ka saya sai masani ya duba. Leƙa cikinsa da tocila ka tabbatar babu komai. Harsashin da ke da zoben jan ƙarfe a ƙugu kuwa na igwogin da ake ɗura wa ta gindi ne, har da na yaƙin duniya, kuma ya fi na albarushi sharri, don wasu an cika su da sinadarin da in ya daɗe yana haɗuwa da ƙarfe sai ya zama ɗan bugu kaɗan ke tayar da shi.

Sai littafi. Sayi ƙaramin littafin rubutu, kowane abu ka ba shi lamba, ka rubuta daga hannun wa ya fito, a ina, yaushe, me aka ce game da shi, kuma wa ya faɗa. In tsohuwa ce ta ba ka kwanson mahaifinta, roƙe ta ka ɗauki muryarta a waya tana ba da labarin, da sunan bataliyarsa in ta tuna. Masu tarawa na gaske da gidajen tarihi wannan suke fara tambaya, shi ke sa abu ya yi daraja. Ƙwallon da babu wanda ya san inda aka tsince shi, ko na gaske ne, kuɗinsa bai fi na kilonsa da wani abin kirki ba, don haka kada ka biya mai shagon kuɗin labarin da ya ƙirƙira.

Batun tsatsa, ka yi kaɗan ya fi ka yi da yawa. Kada ka sa garanda, ko ruwan batir, ko ka gasa a wuta, ko ka shafe da fentin mai. Buroshi mai laushi ya isa ya kawar da ƙasa da ɓawon da ya riga ya saki. A bushe shi sosai, a shafa masa kakin zuma mara launi siriri, a ajiye a kan katako, ba a kan siminti ba, don siminti na jan danshi, ga damina biyu a Kumasi. Waɗannan 'yan ƙunshin ƙwayoyi masu shan danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi, zuba su a akwatin, ka riƙa canza su lokaci-lokaci. Ƙarfen bakin teku ya fi wuyar sha'ani, saboda gishiri ya shige cikinsa. Za ka ga yana yin gumi, ɗigo-ɗigo ja, daga baya ya tsage ya riƙa zubar da ɓawo. Kaki ba ya maganin wannan, rufe shi ma ƙara masa ciwo ne. Sai an jiƙa shi watanni a ruwan soda ana canzawa har gishirin ya fita, aikin ma'aikatan GMMB ne, ka kai musu. Tagulla kuwa kada ka bari a goge ta da lemun tsami da toka kamar tukunya. Duhun da ta yi kariya ne, gugar kuma tana cinye rubutun gindi. Abin tsoro a tagulla shi ne kore mai haske da ke fitowa kamar gari. In ka gan shi, ware wannan kwanson daga sauran ka busar da shi.

Kafin ka kashe ko sidi ɗaya, ka ware yini ka shiga Fot ɗin Kumasi, wanda ya zama gidan tarihin soja tun farkon shekarun 1950. Akwai igwogi da makaman da sojojinmu suka ƙwato a yaƙe-yaƙen duniya, sojoji ne kuma ke zagayawa da baƙi. Tafi da littafinka da tef ɗin tela, ka nemi izini kafin ka auna ko ka ɗauki hoto, ka kuma nuna musu hoton ƙwallayen nan biyu da awonsu.